Shago Ya Koma Ɗaka: Idan Gobara Ta Tashi, Wa Zai Biya?

Buɗe WhatsApp ɗinka yanzu ka leƙa sitatus ɗin mutum goma na farko. Da wuya ka kai ƙarshe ba ka ga atamfa ko abaya ba, ko humra da turaren wuta, ko kek da cincin, ko wani yana shelar cewa data ta yi araha a wurinsa. Yawancin masu wannan talla ba su da rumfa a Kantin Kwari ko Kasuwar Barci. Shagonsu shi ne ɗakin da suke kwana. Kayan suna ƙarƙashin gado, suna saman wadirob, wasu an jibge su a falon Mama an rufe da zani.

Wannan abin a yaba ne, domin matasa sun ƙi zaman jiran aikin gwamnati. Rahoton binciken 2021 na hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, kuma mafi rinjayensu 'yan ƙanana ne irin na mutum ɗaya ko biyu. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: ranar da wayar wuta ta yi tartsatsi da tsakar dare, ko ruwa ya shigo gida har gwiwa, ko ɓarayi suka haura katanga, wa zai mayar maka da jarin?

Asarar da ba ta shiga labarai

Idan kasuwa ta ƙone, duniya na ji. Lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, manya sun je jaje, an kafa kwamiti, an nemi gudummawa. Ko tallafin ya isa ko bai isa ba, wannan wata magana ce daban, amma aƙalla ɗan kasuwa yana da lambar shago, yana da ƙungiya, yana da shugaban da zai rubuta sunansa a takarda.

To, budurwar da ke sayar da leshi daga ɗakinta a Hotoro ko Rigasa fa? Idan wuta ta cinye ɗakin, abin da za a ce shi ne gida ya ƙone. Babu wanda zai lissafa cewa a cikin tokar nan akwai jarin da ta shekara uku tana tarawa, da kuɗin adashen da ta ɗauka ta zuba, da kayan mutum huɗu da suka riga suka turo kuɗi. Ga wani ƙarin ciwo: ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone yana da gidan da zai koma ya kwana, mai sana'ar gida kuwa a dare ɗaya yake rasa makwanci da hanyar abinci.

Mun ga haka ƙiri-ƙiri a Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni irin su Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market, ya kai har fadar Shehun Borno. Mun sake gani a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan rayuka da gidaje, ruwan ya tafi da kekunan ɗinki, da firiza, da injinan markaɗe, da buhunan fulawa da sukari. Irin waɗannan kaya su ne albashin dubban gidaje, kuma ba su cikin rajistar kowa.

Ai muna da 'yan uwa

Za ka ce ai mu Hausawa muna da namu tsarin, kuma gaskiya ne. Akwai jaje, akwai gudummawa, akwai adashe, yanzu ma har a Facebook ake saka lambar asusu a tara wa mutum kuɗi. Wannan zumunci dukiya ce da bai kamata mu raina ba. Amma yana da iyaka guda biyu.

Ta farko, yana aiki ne idan masifa ta faɗa wa gida ɗaya. Idan ambaliya ta shafe unguwa, wanda za ka je wurinsa neman taimako shi ma yana makarantar firamare yana gudun hijira, uwar adashen kuma littafinta ya bi ruwa. Ta biyu, gudummawa ba ta da adadi. Wanda ya yi asarar naira miliyan biyu zai iya tashi da dubu ɗari da hamsin da addu'a, kuma ba shi da bakin cewa bai isa ba, tunda kyauta ce. A wannan zamani da kowa ke fama da kansa, hannun da ke bayarwa ma ya ƙanƙance.

Inshora dai ita ce wannan gudummawar, amma an rubuta ta a takarda, an faɗaɗa ta zuwa mutanen da ba unguwa ɗaya suke ba. Dubban mutane a Kano da Legas da Fatakwal kowa ya zuba ɗan abu kaɗan a shekara, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya shi daga asusun. Saboda ba a gari ɗaya suke ba, ruwa ba zai cinye su a rana ɗaya ba.

Me ya canza a doka?

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 2003. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin da kamfani zai mallaka: naira biliyan 15 ga masu inshorar dukiya da kadarori, biliyan 10 ga masu inshorar rayuwa. Ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Manufar ita ce a rage kamfanonin da ke iya karɓar kuɗi amma ba sa iya biyan diyya. Hukumar da ke sa ido a kan duk wannan ita ce NAICOM.

Tun kafin nan, a 2013, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma sabunta su a 2018. Duk da haka, kuɗin da harkar inshora ke tarawa a Najeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba. Inshorar da yawancinmu muka sani ita ce ta mota, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma 'yan sanda suka matsa binciken takardarta daga Fabrairun 2025. Wato mun san inshora a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. Shi ya sa da an ambace ta sai mutum ya ji kamar wani haraji ne.

Sabuwar dokar tana gyara kamfanoni ne. Ba za ta shigo ɗakinki ta ƙirga atamfofi ba. Wannan ɓangaren aikinmu ne, kuma a nan ne tarkon yake.

Tarkon farko: inshorar gida daban, ta sana'a daban

Wani zai ce ai Baba ya yi wa gidan inshora, ko mai gidan da muke haya ya yi. A bi a hankali. Inshorar mai gidan haya gininsa take karewa, wato bango da rufi da ƙofofi. Kayan ɗan haya ba sa ciki. Ita kuma inshorar kayan gida an tsara ta ne don kujeru da talabijin da tufafin sawa. Hajar sayarwa da kayan aikin sana'a yawanci an cire su, sai dai idan an ambace su an biya kuɗinsu.

Abin ma zai iya fin haka muni. Ginshiƙin inshora shi ne faɗin gaskiya tun farko. Kamfani yana yanka maka kuɗi ne gwargwadon haɗarin da ka bayyana. Gidan da ake dafa abinci sau uku a rana ba ɗaya yake da gidan da obin ke kunne daga asuba zuwa dare da manyan silindar gas uku a kicin ba. Haka gidan da aka tara jarkokin fetur saboda janareta, ko batiran sola da wayoyi hamsin a soket ana cajin kuɗi. Idan ka ɓoye wannan, sannan wuta ta tashi daga wurin, kamfani na iya ƙin biyan har asarar gidan kansa. Ka ga sana'arka ta jawo wa Baba asarar da ya ɗauka ya riga ya tsare.

Tarko na biyu: farashin bara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, farashi bai zauna wuri ɗaya ba. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wannan ya shafi inshora kai tsaye.

Ga misali mai sauƙi. A ce kayanki sun kai naira miliyan biyu, amma kika rubuta miliyan ɗaya, ko don a rage miki kuɗi, ko don da tsohon farashi kika yi lissafi. Sai wuta ta ci kayan dubu ɗari takwas. Za ki zaci za a biya ki duka tunda asarar ba ta kai miliyan ɗaya ba. Ina! A yawancin yarjejeniyoyi akwai sharaɗin da ya ce tunda rabin darajar kaya kika yi wa inshora, rabin asara za a biya ki, wato dubu ɗari huɗu. Daga ciki ma za a cire wani ɗan kaso na farko da aka amince ke za ki ɗauka. Mutane da yawa da ke cewa kamfani ya cuce su, a kan wannan sharaɗin suka yi tuntuɓe, domin babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Tarko na uku: ina shaida?

Idan asara ta faru, kamfani zai turo mai ƙiyasta ɓarna. Ba zai tambaye ka mabiya nawa gare ka a TikTok ba. Rasit zai nema, da littafin shigar kaya da fitarsu, da bayanan asusun banki, da rahoton 'yan kwana-kwana idan gobara ce, ko na 'yan sanda idan sata ce. Mu kuwa yawancinmu kuɗin ciniki da kuɗin anko da na cefane duk a asusu ɗaya suke, rasit kuma tun a bakin kasuwa muke yar da shi. Wanda ya rubuta a littafi ma, littafin yana ɗakin da ya ƙone.

Abin daɗin shi ne maganin wannan yana hannunmu. Wayar da kake ɗaukar hoton kaya don talla, ita za ka ɗauki hoton rasit da ita, ka yi bidiyon kayanka duk ƙarshen wata, ka tura wa kanka a imel ko ka ajiye a Google Drive. Buɗe asusu na biyu na sana'a zalla ba ya cin komai. Ko ba ka taɓa yin inshora ba, wannan shaidar za ta yi maka rana wajen neman rance ko tallafi, ko ranar da abokin haɗin jari ya ce a zo a yi lissafi.

Kayan mutane

Akwai haɗarin da ya fi asarar jari zafi, shi ne asarar amana. Telan da ke ɗinki a soron gidansu, sati biyu kafin sallah, shadda da leshin mutane da ke jibge a wurinsa sun ninka kuɗin kekensa sau da yawa. Mai gyaran waya haka. Mai yin kek ɗin biki ta karɓi rabin kuɗi. Idan wani abu ya faru, bayan asara ga bashi, ga sammaci daga ofishin 'yan sanda ko kotu, ga sunanka yana yawo a Instagram ana cewa a guje ka.

Inshorar gobara ta yau da kullum kayanka take rufewa. Idan kana riƙe kayan mutane, dole ka faɗa a rubuta su a matsayin kayan amana. Haka kuma mai sayar da abinci ko man shafawa ko haɗin gyaran jiki, idan wani ya ci ko ya shafa ya cutu, akwai nau'in inshora na daban da ke ɗaukar alhakin cutar da wani. Kayan da ka bai wa ɗan sahu ko direban tasha ya kai wa kwastoma a wani gari, su ma da zarar sun bar ƙofar gida sun fita daga inshorar ɗaki, sai da ta kaya a hanya.

Wasu abubuwan kuma sai ka tambaya da bakinka. Ambaliya ba kullum take cikin inshorar gobara ba, ƙari ce da ake saka ta. Inshorar sata yawanci tana buƙatar alamar an fasa ƙofa ko taga, saboda haka kayan da suka yi ƙafa ranar da gida ya cika da 'yan biki ba sa ciki. Tsabar kuɗi, kamar na mai POS, suna da tasu inshorar. Kajin da suka lalace a firiza don an kwana uku babu wuta, kada ka sa rai sai idan ka ga an rubuta.

To, ya halatta kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ke tsayar da yawancinmu, kuma tambaya ce mai tushe. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas mai yawa a cikin ciniki. A zama ɗaya kuma ta halatta inshorar taimakon juna da aka gina a kan kyauta. Ita ce ake kira takaful. Kamfani na farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya kuma ta yi masa doka a 1984.

A takaful, kuɗin da ka zuba gudummawa ce ga asusun mahalarta. Kamfani wakili ne mai kula da asusun a kan lada sananne, ba a juya kuɗin a harkar ruwa ko ta haram, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, kuma idan shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa mahalartan da ba su karɓi diyya ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Saboda haka wanda addini ne ya hana shi, ƙofa a buɗe take. Sai dai a sani, su ma za su nemi gaskiya da rasit, kuma sharuɗɗan da muka ambata a sama suna nan. Tawakkali kuma bai taɓa hana mutum kulle ƙofarsa da dare ba.

Laifin da ba namu ba

Kada a ɗora wa matasa laifin duka. Yawancin manyan ofisoshin kamfanonin inshora a Legas suke. Takardun yarjejeniya da Turancin lauyoyi ake rubuta su, da ƙananan haruffa, shafi bayan shafi. An saba neman kuɗin shekara a dunƙule, alhali mai sana'ar gida kullum-kullum kuɗi ke shigo masa. Labaran jan ƙafa wajen biyan diyya kuma sun yi yawa har sun kashe wa mutane gwiwa. Kamfanin da yake son kasuwar Arewa da gaske sai ya fito da tsari na masu sana'ar gida, da bayani a Hausa a shafi ɗaya, da biya wata-wata ta waya, sannan ya riƙa nuna wa jama'a diyyar da ya biya. Bankunan waya sun shiga kowane lungu cikin 'yan shekaru saboda mutane sun ga alat na shigowa nan take. Inshora ma sai an ga ta biya maƙwabci kafin a yarda da ita.

Kuma a faɗi gaskiya, ba kowa ne inshora ta zama masa dole yau ba. Idan jarinki dubu hamsin ne, ko kuma sai an yi oda kike sarowa, abin da ya fi miki shi ne ki ware wani abu duk mako a asusun ko-ta-kwana. Rigakafi ma yana gaba da komai: a kira mai gyaran wuta na gaske ya duba wayoyi, a fitar da silinda da fetur daga inda ake kwana, a sayi tukunyar kashe gobara, a ɗaga kaya daga ƙasa kafin damina, musamman yanzu da hunturu da damina kowanne ke zuwa da nasa tsautsayin. Ma'aunin mai sauƙi ne. Tambayi kanka: idan na wayi gari babu komai a ɗakin nan, zan iya tashi cikin wata uku ba tare da na sayar da fili ko na ci bashi ba? Idan amsar a'a ce, ko kuma kana riƙe kayan mutane ko kuɗin rance, lokacin zuwa tambayar farashi ya yi.

Idan za ka je, tabbatar kamfanin ko dillalin yana cikin jerin masu lasisi na NAICOM. Ka biya kuɗi a asusun kamfani, kada ka tura wa wani mutum a asusunsa, domin a doka idan kuɗi bai shiga ba inshora ba ta fara aiki ba. Ka sa a rubuta adireshin gidan da irin sana'ar ƙarara. Ka ce a karanta maka abubuwan da ba za a biya ba kafin waɗanda za a biya, ka tambayi kwana nawa kake da su na kai rahoto idan abu ya faru. Idan kuna da ƙungiya, ko ta teloli ko ta masu kek ko guruf ɗin 'yan kasuwar intanet, ku je tare, domin mutum talatin sun fi mutum ɗaya samun rangwame da saurare. Idan aka hana ka haƙƙinka, NAICOM na da sashen karɓar koke.

Kafin duk wannan, ga aikin da ba ya buƙatar ko kwabo. Yau da daddare, bayan kin gama amsa masu tambayar "nawa ne ƙarshe", ki jawo kayan nan daga ƙarƙashin gado, ki ƙirga, ki rubuta farashinsu na yau, ki ɗauki hoto ki tura inda wuta da ruwa ba za su kai ba. Da yawa daga cikinmu sai a lokacin za mu san nawa muke kwana a kai. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya sa albarka a nema.